Feshi, Samfefa, Zafi ko Sabuwa: Wanne Ya Dace da Robar Babur Ɗin Daji?

Robar da ke jikin babur ɗin daji ba a yi mata fenti ba, kuma duk wanda bai riƙe wannan a ransa ba zai yi ta kashe kuɗi a kan kayan gyaran jikin mota yana mamakin yadda ba sa ci. Jan Honda, shuɗin Yamaha, koren Kawasaki, rawayan Suzuki, ruwan lemon KTM, duk a cikin narkakkiyar robar aka zuba launin tun kafin a zuba ta a mazubi. Idan ka yanka ta biyu, launin da ke waje shi ne a ciki. Sheƙin da kake gani ranar da babur ya fito sabo kuwa santsin mazubin ne ya kwanta a fuskarta, babu wani rufi a sama da za a goge ya dawo.

Cire robar gefe ka juya bayanta, galibi za ka ga an buga haruffa PP. Wannan ita ce folifurofilin, robar da ake yin makarin taɓo na gaba da na baya da ita, da fukafukan da ke rufe lagireto, da allon lamba. Tankin mai shi kuma yawanci foliyetilin ne. An zaɓe su ne saboda suna lanƙwasa su miƙe ba tare da sun tsage ba. Kafin wajen 1970, lokacin da wani ɗan tseren Amurka mai suna Preston Petty ya fara sayar da makarin taɓo na roba, na ƙarfe da na alminiyon ake amfani da su, faɗuwa ɗaya sun lotse ko sun karye. To wannan taushin da ya cece mu daga karyewa shi ne ya sa ƙwayar yashi ɗaya take iya jan layi a jikinta. Ga kuma wani hali nata: abu ba ya son manne mata. Fenti yana ɓarewa, kakin goge mota yana zamewa, gam ma sai na musamman. Kowace hanya da za mu duba a nan da waɗannan halaye biyu za mu auna ta, taushi da ƙin riƙe abu.

Kafin ka zaɓi magani

Mutane suna cewa "robata ta dusashe" kamar cuta ɗaya ce, alhali aƙalla huɗu ne, kuma maganin wata yana ƙara wa wata ciwo.

Akwai datti da ya shige cikin ƙananan ƙarce-ƙarce, musamman jar ƙasa a kan farar roba, da baƙin man cen da ke fantsama ƙarƙashin makarin baya, da ɗigon baƙin mai da salansar inji mai bugu biyu take tofawa. Akwai ƙarce na gaske, wanda takalmi da makarin gwiwa da ƙaya da faɗuwa suke yi. Akwai cin rana: hasken rana yana tsinka zaren robar a fatar sama, sai ta yi fari-fari, ka shafa yatsa ka ga wani gari kamar alli ya biyo. Folifurofilin tana cikin robobin da rana ta fi yi wa illa, shi ya sa masu ƙera ta suke haɗa mata sinadarin kariya, wanda shi ma yana ƙarewa da shekaru. Na huɗu shi ne farin layin da ke fitowa inda roba ta lanƙwashe a faɗuwa. Wannan ba datti ba ne, ba kuma rana ba, robar ce ta buɗe 'yan mitsi-mitsin ƙofofi a cikinta waɗanda suke watsa haske.

Gwajin da nake ba kowa shawara ba ya buƙatar sayen komai. Wanke wurin, sannan ka jiƙa shi da ruwa. Idan launin ya dawo sosai yana jiƙe, ya gudu da ya bushe, matsalar a fata take, kuma feshi ko ɗan gugar sama zai wadatar. Ja farcenka a kan layin: idan farce ya maƙale, babu gwangwanin feshin da zai cike shi, sai an rage robar da ke kewaye. Daga nan kama gefen robar ka ɗan lanƙwasa a hankali. Idan ka ji tana ƙas-ƙas ko ka ga 'yan tsage-tsage suna buɗewa, rana ta gama da ita har ciki, kada ka ɓata yammacinka.

Wanki: hannu ko inji

Yawancin ƙarcen da ke kashe sheƙi ba a daji ake samun su ba, wajen wanki ake yin su. Mutum ya dawo, taɓo ya bushe ƙamas, ya ɗauki soso ya hau dirza. Yashin da ke cikin taɓon nan ya zama samfefa, shi kuma ya zama mai gugar. Bayan wanki goma sai ka ga zagaye-zagayen layuka a rana, ya ce robar ce ba ta da kyau.

Saboda haka a wannan gaɓar injin wanki mai feshi da ƙarfi ya fi hannu, duk da sunan da ya yi na ɓarna. Yana ɗaga ƙasa ba tare da an goga ta a jiki ba. Ɓarnarsa a wasu wurare take: yana tura ruwa cikin boris na taya da na wuya da na mahaɗar shokoba ya kore giris, yana kwantar da siraran haƙarƙarin lagireto, yana shiga ƙarƙashin gefen sitika ya ɗaga ta. Duk waɗannan ana kauce musu da nisa da kusurwa. Tsaya baya kaɗan, buɗe bakin feshin ya yi faɗi, kada ka nuna shi kai tsaye a kan boris ko gefen sitika, ka toshe bakin salansa, ka cire matatar iska ka sa marfin wanki a gurbinta. Wanda ba shi da inji, mesa da haƙuri suna yin aikin: jiƙa babur ɗin sosai, bar shi minti biyar ko goma taɓon ya sha ruwa ya saki, sake kwarara masa ruwa, sai ƙasar ta sauka da kanta kafin soso ya taɓa jiki. Abin da na fi so shi ne haɗa biyun, ruwa ya cire ƙasa, hannu ya cire maiƙo.

Soson ma a raba. Wanda ya taɓa cen da inji da ƙarƙashin makari kada ya hau kan robar sama. Bokiti biyu sun fi ɗaya, guda na kumfa, guda na ɗauraye soso, domin yashin ya zauna a gindin na biyun.

Batun sabulu ba shi da tsawo. Sabulun ruwa na wanke kwanuka yana yanka maiƙo kuma ba ya cutar da folifurofilin, sai dai a ɗauraye shi tas. Sabulun da aka yi don babura, irin na Muc-Off ko Motul ko Motorex, ya fi shi narkar da busasshen taɓo, kuma an haɗa shi ne yadda ba zai ci ƙarfen da ke kusa ba. Wanda nake gudu shi ne maganin maiƙo mai kaifi da ake wanke injin manyan motoci ko daɓen gareji da shi. Robar za ta iya jurewa, amma alminiyon ɗin rim da firam zai yi dabbare-dabbare, kuma wannan tabon ba ya fita. Kowane sabulu ne, kada ya bushe a jiki, kada kuma a yi wankin a tsakiyar rana roba tana zafi.

Baƙin man cen da ragowar gam ɗin tsohuwar sitika ba sa jin sabulu. Fesa WD-40, man feshin nan na kwance tsatsa, a tsumma, ɗora a wurin na ɗan lokaci, share, sannan ka bi da kumfa. Fetur ma yana cirewa, amma yana narkar da gam ɗin sitika, ga hatsarin wuta, bai cancanta ba. Tina, wato ruwan sirka fenti, da asiton da maganin wanke birki suna dusar da sitika nan take, kuma suna iya tsattsaga gilashin roba na fitilar gaba, wanda shi wata roba ce daban mai tauri.

Akwai farin soson nan na melamin, wanda ake goge bango da shi. A kan farar roba da jar ƙasa ta rina yana yin abin mamaki, domin yana shiga cikin ƙarce ya kwaso dattin. Amma fa samfefa ce mai laushi ƙwarai, ba sabulu ba. A kan baƙar roba ko shuɗiya mai sheƙi zai bar maka wani dusasshen fili da za ka riƙa gani duk lokacin da haske ya faɗo ta gefe.

Abin da ke cikin gwangwani

Nan ne kuɗin mutane ya fi tafiya, nan ne kuma ya kamata a yi maganar gaskiya. Feshin silikon, irin su SC1 na Maxima ko Shine & Go na Motul, ba ya gyara roba. Yana kwanciya ne cikin ƙananan ƙarce ya cike su na ɗan lokaci, haske ya daina watsewa, launi ya fito da zurfinsa. Kamar shafa mai ne a fatar da ta yi furu-furu: tana sheƙi har zuwa wanka na gaba. Ban faɗi haka don in rage masa daraja ba. A cikin duk hanyoyin nan shi ne mafi sauƙi, ba ya cire ko ƙwayar roba, kuma yana da wani amfani da ya fi sheƙin muhimmanci: idan ka fesa shi a ƙarƙashin makaran taɓo da bayan fukafukan lagireto kafin fita, taɓo ba ya kamawa sosai, babur ba ya ɗaukar nauyin banza, wankin gobe kuma ya zo da sauƙi. Wanki mai sauƙi yana nufin ƙarancin dirza, ƙarancin dirza kuma shi ne tsawon ran sheƙi.

Yadda aka shafa shi ne yake raba mai kyau da mai muni. Wasu suna fesawa su bar shi jiƙe sharkaf saboda ƙyallin ya fi ɗaukar ido. A hanya mai ƙura wannan jiƙar takan kama ƙurar ta zama wani kunu-kunu mai launin ƙasa. A saman da ido ke gani, fesa kaɗan, bar shi ya zauna 'yan mintuna, sannan ka goge da tsumma mai laushi har sai yatsa ya daina jin maiƙo. A ƙarƙashi ne ake barin sa da kauri.

Hatsarinsa kuwa na gaske ne, ba na ado ba. Silikon a kan faifan birki ko takalman birki yana kashe birkin, kuma takalmin da ya sha shi sau da yawa sai an canza. A kan taya, sit, robar riƙo da matakan ƙafa yana sa santsi a daidai wuraren da ranka ya dogara da riƙo. Rufe faifan da tsohon tawul kafin ka fesa, ko ka fesa a tsumma nesa da babur ɗin. Ni ko gefen da gwiwa take matsewa ba na shafawa, domin da gwiwa ake riƙe babur ɗin daji, ba da hannu kaɗai ba. Sannan ka tuna, robar da ta sha silikon ba ta karɓar sabuwar sitika sai an wanke ta sau da yawa an bi ta da sifirit.

Kishiyarsa ita ce ruwan kariya da aka haɗa da ruwa maimakon mai, wanda aka fi sani a cikinsu shi ne 303. Ba ya ba da ƙyallin nan mai kama da jiƙa, yana bushewa ne ya bar launi a natse ba maiƙo, ƙura ba ta cika kama shi ba, kuma an yi shi ne musamman don rage cin rana. Rauninsa shi ne ruwan sama da wanki suna tafiya da shi da wuri, kuma bai kai silikon hana taɓo kamawa ba. Don haka zaɓin ya rataya ne a kan ƙasar da kake hawa da inda babur yake kwana. Mai hawa cikin taɓo da laka, silikon. Mai hawa busasshiyar ƙasa mai ƙura, ko wanda babur ɗinsa ke wuni a fili, na ruwan ya fi masa.

WD-40 fa a matsayin abin sheƙi? Yana ba da ƙyalli na yini guda, sai ya bushe ya bar abin da ƙura take so. Ka bar shi a aikin cire maiƙo da korar ruwa daga ƙarfe. Feshin goge kujeru da teburan gida yana yin kusan aikin silikon a sauƙaƙe, ba laifi idan shi ne a hannu, sai dai ba ya daɗewa. Kakin goge mota kuwa an yi shi ne don fenti mai tauri. A kan roba mai ƙarce yana bushewa fari a cikin kowane layi, sai ƙarcen da da ba ka gani ya fito fili. Rufin siramik da ake yayi yanzu yana kama sitika da fentin firam da kyau, ruwa ya riƙa gangarewa, amma a kan tsirarar folifurofilin riƙonsa ba shi da ƙarfi, kuma babu rufin da zai tsaya gaban takalmi da tsakuwa. Ga babur da ake hawa da gaske ban ga kwalliya tana biyan kuɗin sabulu ba.

Fentin sheƙi mara launi da wasu suke fesawa bayan sun goge roba shi ne mafi munin zaɓi. Makon farko yana da kyau. Da robar ta lanƙwasa sau ɗaya sai ya tsage, ya fara ɓarewa fale-fale, kuma cire shi ya fi sa shi wahala. Ruwan sheƙi na akirilik, irin na goge daɓe ko wanda ake sayarwa cikin kayan sabunta robar babur, ya fi shi sassauci kuma yana ɗaukar lokaci, amma shi ma rufi ne a kan abin da ba ya riƙe rufi: inda gwiwa ke gogawa zai fara cinyewa, sai an sake.

Reza da samfefa

Wannan hanya tana gyara robar kanta ne maimakon ɓoye laifinta. Tunda launin har ciki yake, idan ka cire fatar da ta mutu, sabuwa tana ƙasa tana jira.

Ga robar da rana ta ci, reza ta fi samfefa saurin aiki. Ba yanka ake yi ba, kankara ce. Tsayar da rezar a miƙe a kan robar, ja ta a hankali gefe guda, sai ka ga wani farin gari yana nannaɗowa gaban bakinta, a bayanta kuma layin ja ko shuɗi mai kyau yana buɗewa. Ka ci gaba layi kusa da layi har farin ya ƙare. Samfefa a wannan matakin toshewa take yi da garin nan cikin 'yan daƙiƙu. Kada dai ka kwantar da rezar, za ta nutse ta yi rami.

Daga nan sai samfefar ruwa. Fara da mafi laushin da zai iya cin ƙarcen, galibi lamba 400, sannan 600, 800, 1000, 1500, 2000 (lamba tana hawa, laushi yana ƙaruwa). Idan ramin ya yi zurfi sosai ne kawai ake sauka zuwa 220 ko 320. A jiƙa takardar cikin ruwa mai ɗigon sabulu, a riƙa kwarara ruwa, kuma kowace lamba a canza fuskar guga, wannan a tsaye, mai bi mata a kwance. Dalilin shi ne ka iya ganin lokacin da layukan lambar baya suka ɓace. Tsallake lamba shi ne kuskuren da ya fi yawa: wanda ya tashi daga 400 ya dira 1500 zai goge saman layukan ne kawai, ramukansu suna nan, kuma za su fito fili da zarar robar ta bushe.

Inda nake so mai karatu ya rage buri shi ne mataki na ƙarshe. Bayan 2000 robar za ta yi sumul amma ba ta sheƙi. Man goge roba irin su Novus ko PlastX na Meguiar's an fi yin su ne don robobi masu tauri da haske ke ratsawa, kuma a kan gilashin fitila suna aiki ƙwarai. Folifurofilin tana da taushi, ba ta goguwa kamar su. Da injin guga mai ƙyallen auduga, a gudu kaɗan, ana samun sheƙi mai kyau, amma idan ka daɗe a wuri guda zafi zai narkar da fatar ta jawo ta kamar cingam. Da hannu kaɗai sakamakon sheƙi ne mai natsuwa, ba irin na sabuwa ba. Kuma robar da aka kankare ta rasa fatarta ta asali, tana saurin kama datti da dusashewa fiye da da, sai an riƙa bin ta da kariya.

To wa ya kamata ya yi wannan wahalar? Mai tsohon babur da aka daina yin robarsa, ko mai tankin asali da ba a samun irinsa. A nan kowace awa ta cancanta. Amma wuni guda a kan makarin taɓon babur na zamani wanda ake samun sabonsa ko'ina, wannan sai mai jin daɗin aikin don kansa.

Zafi

Na'urar hura iska mai zafi ita ce take ba mutane sha'awa, saboda sakamakon a gaban ido yake faruwa. Ka wuce da ita a kan dusasshiyar roba, launi ya biyo bayan iskar kamar an zuba ruwa. Abin da ke faruwa shi ne fatar sama tana narkewa ta kwanta, ƙananan ƙarce su haɗe. Folifurofilin tana narkewa ne a wajen digiri 160 zuwa 165 a ma'aunin Salsiyos, foliyetilin ta tanki a wajen 130, ita kuwa na'urar tana iya haura 500. Tazarar da ke tsakanin gyara da ɓarna daƙiƙa ɗaya ce ko biyu. Ka ɗan tsaya, wurin ya kumbura, ya yi ƙyalli fiye da maƙwabcinsa, ko gefen ya murɗe har ramin noti ya daina haɗuwa da mazauninsa. Garin neman gira a rasa ido.

A ganina wuri ɗaya ne zafi ya fi kowace hanya: farin layin lanƙwasa. Samfefa ba ta kai masa tunda a ciki yake, feshi ba ya rufe shi, amma ɗumi kaɗan yana sa ƙofofin nan su rufe launi ya dawo. Ko handiraya, na'urar busar da gashi, takan isa idan layin bai yi tsanani ba. Haka kuma bayan an gama samfefa, wucewa ɗaya cikin sauri takan kwantar da gashi-gashin da ya rage. Amma a bi dukan jikin babur da zafi don maganin cin rana, wannan ban yarda da shi ba. Ba a cire mataccen saman ba, narkar da shi aka yi a inda yake, farin yakan dawo, kuma kowane zagaye yana ƙara wa robar gautsi. Wanda zai gwada ya cire robar daga jikin babur, ya wanke ta tas domin zafi yana gasa datti ya zauna har abada, ya fara da bayanta inda ba a gani, hannunsa kuma kada ya tsaya.

Tanki maganarsa daban. Kada a kusanto da wannan na'ura kusa da tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, ko da an juye shi, domin tururin da ya rage shi ne mai kamawa. Sannan rawayan da farin tanki yake yi daga ciki yake fitowa: tururin fetur yana ratsa foliyetilin a hankali. Shi ya sa sitikar tanki take zuwa da 'yan huji-huji, in ba haka ba sai ta kumbura ta ɓare. Kankara da samfefa suna rage rawayan sama, ba sa kai wa tushensa. Abin da ke rage shi shi ne kada a bar fetur ya kwana watanni a ciki idan za a ajiye babur.

Rufewa ko sauyawa

Sitikar babur ɗin daji ba irin ta ado ba ce kawai. Mai kyau tana da kauri wajen rabin milimita, kuma ita take shan duka a madadin robar. Fuskarta tana riƙe sheƙi fiye da tsirarar folifurofilin, tana kuma karɓar man guga da kariya da kyau. Wanda ba ya son zane zai iya sa leda mai kauri mara launi a wuraren da takalmi da gwiwa suke ci. Sharaɗin dai a manna ta a kan roba mai santsi, wadda aka goge da sifirit, a ɗan ɗumama ta don ta bi lanƙwasa. A kan tsohuwar roba mai ramuka gefenta ba ya zama, ƙasa ta shiga ƙarƙashi, wanki uku ta fara tashi. Wato ranar da roba take sabuwa ita ce ranar rufe ta.

Sabon saiti kuma ba gazawa ba ne. Kamfanoni irin su Acerbis, wanda aka kafa a Italiya a 1973, da Polisport na Fotugal, da UFO da Cycra, suna yin cikakken saiti na yawancin baburan zamani da launukan da suka yi kusa da na asali, kuma sauya su aikin awa ɗaya ne ko biyu da 'yan sifanu. Robar da ta yi gautsi ba batun kyau ba ce kuma, tana iya karyewa ta bar baki mai kaifi kusa da ƙafarka.

Dabarar da na fi ganin hikimarta ita ce ta saiti biyu. Ka sayi babur sabo ko mai kyan jiki, ka cire robar asali ka naɗe ta a tsumma ka ajiye a inuwa, ka ɗaura ta kasuwa ka yi ta hawa ba tare da zuciyarka tana tsinkewa duk lokacin da reshe ya goge ka ba. Ranar sayarwa ko ranar da kake son babur ya fito fes, ta asalin tana nan yadda ka bar ta.

Idan za a tattara zaɓin bisa mutum: mai hawa kowane mako ya tsaya a kan jiƙa kafin wanki, soso mai tsabta, feshi kaɗan da aka goge, da inuwa ko mayafi a wurin ajiya, ya ɗauki ƙarce a matsayin kuɗin hanya, ya sauya saiti idan ya gaji. Mai shirin sayar da babur ya wanke, ya bi farin layi da ɗumi, ya canza guda ɗaya ko biyu da suka fi muni, ya gaya wa mai saye gaskiyar shekarun sauran. Mai farfaɗo da tsohon babur shi ne mai reza da samfefa, kuma ya fara da ƙaramar robar da ta fi ɓoyuwa, ya koyi nauyin hannunsa a kanta kafin ya taɓa tanki.